Wa Zai Tsaya Wa Matalauci a Shari'ar Aure?

A damanar bara wata 'yar'uwa ta zo gidanmu da sassafe, tun ba a buga ƙararrawar addu'ar safe ba. Tana riƙe da wata takarda ƙunshe cikin leda. Da muka gaisa ta ce, "Baba Pasto, ga abin da aka kawo mini. Ni ban iya Turanci ba, kunya kuma ta hana ni nuna wa mutanen gari." Muka warware ledar, sai muka ga takardar Babbar Kotun Jiha ce. Mijinta, wanda ya tafi birni neman aiki shekara 4 ke nan, ya kai ƙara a kashe aurensu, yana kuma roƙon kotu ta ba shi 'ya'yansu 3.

Muka ce, "'Yar'uwa, yaushe aka kawo miki wannan?"

Ta ce, "Yau sati 5. Na sa ta ƙarƙashin katifa, ina ta addu'a."

Ba wannan kaɗai ba. Ashe ta riga ta sayar da awakinta 2, ta tafi bakin kotu ita kaɗai, ta ba wani mutum mai kwat da jaka kuɗin, domin ya ce mata shi zai kashe maganar. Har wa yau ba ta sake ganinsa ba.

Saboda ita, da waɗansu irinta da yawa cikin ekklesiyoyinmu, muka shirya wannan koyarwa. Kada wani ya ce mun soma koya wa mutane kisan aure. Abin da Ubangijinmu ya koyar a kan aure yana nan cikin Matta 19 da Markus 10, ba mu ƙara kome ba, ba mu kuwa rage ba. Amma ƙin kisan aure ba ya hana sammaci zuwa ƙofar mai bi. In ya zo, ina zai sa kansa, shi da ba shi da kuɗin lauya?

Ko daidai ne mai bi ya amsa?

Waɗansu za su ce, ai Manzo Bulus ya tsauta wa Korinthiyawa domin suna kai juna ƙara. Gaskiya ne, yana nan cikin 1 Korinthiyawa 6. Shi ya sa kullum muna cewa a fara da gida, da iyaye, da dattawan ekklesiya, a kuma daɗe ana neman sulhu da haƙuri. Amma Bulus ɗin nan, sa'ad da aka ɗaure shi za a yi masa bulala, ya tuna wa jarumin cewa shi ɗan Roma ne, doka ta hana. Sa'ad da kuma ya tsaya gaban Festus, ya ga ana so a mai da shi Urushalima, sai ya ɗaukaka ƙara zuwa wurin Kaisar. A karanta Ayyukan Manzanni 22 da 25. Kai ɗan'uwa ƙara saboda kwaɗayi dabam ne, amsa kiran hukuma kuma dabam.

Ga kuskuren da ya fi cin mutanenmu. Suna tsammani in sun amsa takardar kotu, sun yarda da kisan auren ke nan. Ba haka ba ne. Cikin amsar ne mutum zai ce bai yarda ba, ya roƙi alƙali ya ba da zarafin sulhu. Cikinta ne kuma zai faɗi abin da yake roƙo game da 'ya'ya, da ciyarwa, da gida. Wanda ya yi shiru, ba za a dakatar da shari'a dominsa ba. Alƙali zai ji bakin mai ƙara shi kaɗai, ya yanke. Kwanakin da aka ba ka ka amsa suna rubuce a takardar, daga ranar da aka miƙa maka ita kuwa ake soma ƙidaya.

Wane irin aure ne naka?

Kafin ka tambayi kuɗin lauya, sai ka fara da wannan tambaya, gama amsarta ce za ta nuna maka kotun da za ka, kotun kuwa ita ce za ta nuna yawan abin da za ka kashe.

Akwai auren gargajiya, wanda aka ƙulla da yardar iyaye da biyan sadaki bisa ga al'adar mutanenku. Wannan, kotun yanki ko kotun gargajiya ce take duba shi. A can mutum yana iya tsayawa da kansa ya yi magana da Hausa, ya kawo kawunsa da maƙwabcinsa su yi shaida. Ba lalle sai da lauya ba, kuɗin shigar da ƙara kuma kaɗan ne. Sau da yawa maganar mayar da sadaki ce takan zama babban abin gardama.

Akwai kuma auren rajista, wanda waɗansu ke kira auren kotu. An kai sanarwa ofishin magatakardan aure, an lika ta kwana 21, ya ba da takardar izini, sa'an nan aka ɗaura auren a ofishinsa, ko a ɗakin sujada wanda gwamnati ta ba lasin, gaban shaidu 2. Wannan aure na miji ɗaya ne da mace ɗaya. Babu mai ikon kashe shi sai Babbar Kotu. Kotun yanki ba ta iya ba, iyaye ba su iya ba, majalisar dattawa ba ta iya ba. In kun yi na gargajiya tukuna, daga baya kuka yi na rajista, to Babbar Kotu za a tafi, mayar da sadaki ba ya warware shi. Wanda kuwa ya yi wani auren gargajiya alhali na rajistarsa yana nan, Dokar Aure ta yanka masa ɗaurin shekara 5. Mun san ba safai akan hukunta mutum a kan wannan ba, amma dokar tana nan a rubuce.

Sai na uku, wanda ya fi ruɗa mu. Mutane da yawa sun sa farar riga da zobe, an sa musu albarka a ɗakin sujada, ba tare da takardar magatakarda ba. Takardar da ekklesiya ta buga da kanta, mai hoton kurciya da furanni, tana da daraja a wurinmu, amma ba ita ce takardar gwamnati ba. Galibi irin wannan aure, a idon doka, na gargajiya ne wanda aka sa wa albarka. Mu pastoci muna da laifi a nan, domin ba mu cika bayyana wa ango da amarya bambancin ba. Saboda haka ka ciro takardar aurenka daga akwati, ka kai wa wanda ya san doka ya duba. Wani ya sayar da gona domin Babbar Kotu, alhali maganarsa ta kotun yanki ce.

Abin da Babbar Kotu take dubawa

Dokar da ke mulkin kashe auren rajista ta fito a shekarar 1970. Dalili ɗaya tak ta sani, watau auren ya lalace har ba shi gyaruwa. Amma mai ƙara sai ya tabbatar da wannan ta ɗaya daga cikin hanyoyi 8. Cikinsu akwai zina wadda mai ƙara ya kasa jimrewa da ita, da mugun hali wanda ba za a ce mutum ya ci gaba da zama da shi ba, da yashe abokin aure shekara 1 cur. Akwai kuma zaman rabuwa na shekara 2 in ɗayan bai ƙi ba, ko na shekara 3 ko da ya ƙi. A lura da wannan na ƙarshe. In rabuwa ta kai shekara 3, da wuya ƙin yardarka ya hana hukunci. Amma maganar 'ya'ya da ciyarwa da dukiya tana nan a buɗe, a nan ne kuwa ake bukatar mai tsaya maka.

Dokar nan ba ta gaggawa kamar yadda mutane suke zato. Auren da bai cika shekara 2 ba, ba a kai ƙarar kashe shi sai da izinin kotu, in banda a kan zina da waɗansu manyan laifofi. An umurci alƙali ya riƙa duba ko akwai hanyar sulhu, yana da iko ya ɗaga shari'a domin a gwada. Ko an yanke hukunci ma, na fari ne kawai, sai bayan wata 3 yake zama tabbatacce, kafin nan babu mai ikon yin wani aure. Akwai kuma hukuncin raba zama, wanda ba ya kashe aure. Mace wadda ake duka, ba ta kuwa so aurenta ya mutu saboda bangaskiyarta, ya kamata ta san akwai wannan.

Game da 'ya'ya, mun saba cewa 'ya'ya na uba ne. Doka ba ta ce na uba ne ba, ba ta ce na uwa ne ba. Abin da ya fi wa yaron amfani shi ta sa gaba da kome. Wa yake ciyad da shi, wa yake kai shi asibiti, a hannun wa ya saba kwana? Waɗannan alƙali zai tambaya.

Ƙofofin da ba a biya

Ta fari ita ce hukumar ba da taimakon shari'a ta gwamnatin tarayya. A allon ƙofarta za ka ga an rubuta Legal Aid Council. An kafa ta a 1976, aka sabunta dokarta a 2011. Babban ofishinta yana Abuja, tana kuma da ofishi a kowace jiha. An yi ta domin wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda aka mai da shi naira 70,000 a wata a shekarar 2024. Bari mu faɗi gaskiya: yawancin aikinta a kan waɗanda ake tuhuma da laifi ne, lauyoyinta kuma ba su da yawa. Kada ka tafi da zaton lalle za a ba ka lauya ya bi shari'ar aurenka har ƙarshe. Amma za a karanta maka takardarka kyauta, a ba ka shawara, a kira ɗayan domin sulhu, ko a nuna maka inda za ka. Ga wanda takarda ke ƙarƙashin katifarsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ga mata da yara, ƙofar da muka fi nuna musu ita ce ƙungiyar lauyoyi mata, wadda ake kira FIDA. An kafa ta a ƙasar Meziko a 1944, wata lauya kuma mai suna Aduke Alakija ta kawo ta Nijeriya a 1964. Tana da rassa a jihohi, maganar aure da riƙon 'ya'ya da gado kuwa ita ce aikinta na yau da kullum. Matalauciya ba ta biyan ladan lauya a can, ko da yake ya kamata ta tambaya tun da fari ko kuɗin kotu da na mota yana kanta. Sukan fara da kiran mijin a zauna, ba su cika gudu zuwa kotu ba.

Namiji fa? Gama ba mata kaɗai ake yashewa ba. Mun ga manomi wanda matarsa ta yi ilimi da guminsa, sa'an nan ta aiko masa da sammaci. Shi sai ya nemi reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya na garinsu, ya tambayi sakatare ko akwai lauya mai yin aikin kyauta. Akwai su, domin lauyan da yake neman babban matsayin nan na SAN dole ne ya nuna shari'un da ya yi wa matalauta ba tare da lada ba. Akwai kuma matasan lauyoyi masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda aikin taimakon shari'a yana cikin hidimarsu. Jami'o'i kamar ta Ahmadu Bello a Zariya, da ta Maiduguri, da ta Abuja, suna da ɗakin ba da shawarar shari'a, inda ɗalibai suke aiki ƙarƙashin malamansu. Ɗalibi ba ya tsayawa gaban alƙali, amma zai bayyana maka takarda, ya taimake ka rubuta abin da ya faru.

In maganar ta abinci da kuɗin makarantar yara ce, kada ka raina ofishin jin daɗin jama'a da ke sakatariyar ƙaramar hukuma. Sukan kira uba, a rubuta abin da zai riƙa bayarwa. Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, ita ma tana karɓar kukan yaran da aka yashe, ba a biyan kome. In kuwa akwai duka, ko an kori mace daga ɗakinta da dare, wannan ba maganar jira ba ce. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta mai da korar abokin aure daga gida, da yashe iyali babu abinci, laifi. A Abuja ta soma aiki, jihohi da yawa kuma sun ɗauke ta, Kaduna a 2018. Kotu tana iya ba da umurnin tsaro a hana mai dukan kusantar matar. Dattijon da ya ce wa mace mai karyayyen hannu ta koma ta ƙara haƙuri, bai yi aikin makiyayi ba.

Saura ƙofa 2 a cikin kotun kanta. Manyan kotuna na waɗansu jihohi suna da ɗakin sulhu: Ikko ta buɗe nata a 2002, Abuja a 2003, Kano a 2009. A can ba a kashe aure, amma miji da mata suna iya shiryawa a kan 'ya'ya da ciyarwa da kaya, a rubuta, a kai wa alƙali ya tabbatar. Abin da ya fi cin kuɗi a shari'a shi ne yawan zama da yawan ɗagawa. Kowace magana da kuka gama a zaune, kun rage tafiya ke nan. Ta biyu, ƙa'idodin manyan kotuna na jihohi da yawa sun yarda matalauci ya roƙi alƙali, da rantsuwa a rubuce, a ɗauke masa kuɗin kotu. Mutane kaɗan ne suka san wannan. A tambayi magatakardan kotu.

In dole sai an biya

Wani yana da albashi wanda ya fi ƙarfin taimakon kyauta, amma bai kai na babban lauya ba. Malamin makaranta, ko ma'aikaciyar asibiti, ko pasto ma. To, a sani kuɗi iri biyu ne. Akwai na kotu, wanda ake biya a ofishin kotu a karɓi rasit. Akwai ladan lauya, shi kuwa ana magana a kansa. Ka tambaye shi a fili: nawa ne duka, ko zan biya kashi kashi, ko akwai kuɗin kowace ranar zama, wa zai biya mai kai sammaci? Ka ce a rubuta, kowa ya riƙe tasa. Ba rashin kunya ba ne, lauyan kirki ma ya fi son haka. In ba ka iya ɗaukarsa dukan shari'ar ba, ka biya shi ya ba ka shawara ya rubuta maka amsa, gama doka ba ta hana mutum tsayawa da kansa ba. Amma in ɗayan yana da lauya, kuma akwai gardama a kan 'ya'ya ko gida, ba mu ba da shawara ka shiga Babbar Kotu kai kaɗai ba.

Masu tsayawa bakin kotu suna tare baƙi, a yi hankali da su. Lauya na gaskiya yana da ofishi, yana ba da rasit, yana kuma manna hatimin ƙungiyar lauyoyi mai ɗauke da sunansa a takardun da ya rubuta. Wanda ya ce maka ya san alƙali, ka kawo wani abu a kai masa, ka riƙe kuɗinka ka tafi. In ma gaskiya yake faɗi, cin hanci yake kiranka.

Kai ma kana iya rage wa kanka tsada. Ka je da takardar aure, da takardun haihuwar yara, da rasit na makaranta da na asibiti. Ka zauna da wanda ya iya rubutu, ku jera abin da ya faru da shekara da wata, a takarda ɗaya ko biyu. Kada ka ɓoye wa lauyanka laifinka, gama in ya fara jinsa a bakin abokin gaba, ba shi da abin cewa. Mata kuma, ga magana ta musamman. Kotu tana da iko ta raba dukiya bisa ga adalci, amma alƙalai sukan nemi shaidar abin da kowa ya sa. Mace ta yi shekara 15 tana sayar da ƙosai da kunu, kuɗin adashinta ya sayi kwano da siminti, amma kowane rasit da sunan maigida. In kina da rasit, ki adana. In babu, ki tuna da magini da uwar adashi, su ma shaidu ne.

Ina ekklesiya?

Muna karɓar baiko domin marasa lafiya da gwauraye, daidai ne kuwa. Amma wadda aka kawo wa sammaci, sau da yawa abin da take fara samu a wurinmu shi ne a dakatar da ita daga Jibin Ubangiji, tun ba a ji bakinta ba. Ya kamata dattawa su bambanta wanda ya yashe da wanda aka yashe. Kusan kowace gunduma yanzu tana da 'ya'yanta lauyoyi, waɗanda muka yi wa baptisma da hannunmu. Sakataren gunduma ya san su, ya roƙe su kowa ya ɗauki maganar matalauci ɗaya a shekara. Zumuntar Mata kuma ta sa mutum ya raka 'yar'uwa kowace ranar zama, gama kuɗin mota da tsoron shiga kotu sun sa mutane da yawa sun bar shari'arsu a tsakiya. Pasto kuwa kada ya mai da kansa lauya. Ya karanta ranar da ke takardar, ya kama hannun mai ita, ya kai shi wurin wanda ya sani, a cikin satin nan.

Haka muka yi da 'yar'uwar nan. Kwanakin amsarta sun riga sun wuce, amma wata lauya, 'yar wani dattijonmu, ta roƙi kotu ƙarin lokaci, aka ba ta. Ba ta karɓi lada ba. Zumuntar Mata ta biya kuɗin kotu da na mota. Alƙali ya ɗaga shari'ar domin sulhu, mu da dattawa biyu muka tafi birni har sau 3 wurin mijin. Ya karɓe mu da ladabi, ya ba mu ruwa, amma bai juya ba. Da yake rabuwarsu ta wuce shekara 3, aka kashe auren. Mun yi baƙin ciki ƙwarai, har yanzu muna yi masa addu'a. Yaran suna hannun uwarsu. An umurci uban ya biya kuɗin makaranta da na abinci kowane wata, su kuma je wurinsa lokacin hutu. Wata 2 ya yi bai aiko ba, lauyar ta rubuta masa takarda, ya aiko. Awakin nan 2 dai ba su dawo ba, sai wata tsohuwa cikin zumunta ta ba ta 'yar akuya ta kiwo, a kan in ta haihu su raba.